Finafinan soyayya da barkwanci na Ostiriya: hajar da ta tsallaka iyaka bayan yaƙi

 A wannan makon mun leƙa Ostiriya, wata ƙaramar ƙasa mai duwatsu da ke maƙwabtaka da Jamus, don jin yadda ta mayar da dariya abin sayarwa bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

Da yaƙi ya ƙare a 1945, ƙasashe huɗu ne suka raba Ostiriya a tsakaninsu: Amurka, Ingila, Faransa da Tarayyar Sobiyet. Har babban birnin, Biyena, sai da aka yanka shi. In za ka fita daga yankin Sobiyet zuwa na Amurka, sai ka tsaya a shinge ka nuna takardar shaida mai harsuna huɗu. Kun dai san wannan tsayuwar. Ga ƙarancin abinci, ga rusassun gidaje, ga kasuwar bayan fage. Haka aka zauna har 1955, lokacin da sojojin suka fice.

To, mutumin da ke cikin wannan hali, me zai biya kuɗi ya kalla? Abin da zai mantar da shi. A 1947 aka fito da fim ɗin Der Hofrat Geiger: wani tsohon ma'aikacin gwamnati ya gano ashe yana da 'ya a wani ƙauye na bakin kogin Danube, ya koma neman uwarta. Waƙa, gonakin inabi, ɗan saɓani, sai aure. A 1952 kuma aka yi Hallo Dienstmann, inda wani farfesan kiɗa ya sa kayan ɗan dako don wasa a wani biki, aka ɗauke shi ɗan dakon gaske, aka ɗora masa kayan wata mata, daga nan soyayya ta ƙullu. Paul Hörbiger da Hans Moser, manyan 'yan wasan Biyena, sun fito a duka biyun.

Ga inda maganar ta shafi ɗan kasuwa. Mutanen Ostiriya kusan miliyan 7 ne kawai a lokacin, kuɗin tikitinsu ba zai mayar da jarin babban fim ba. Ribar tana Jamus ta Yamma, inda ake jin harshe ɗaya kuma ga jama'a birjik. Shi kuwa mai saye shi ke faɗin launin haja. Jamusawa ma sun gaji da tuna yaƙi, don haka aka riƙa kai musu tsaunuka, tafkuna, fadar sarakunan da, da budurwa mai murmushi. Fim ɗin Sissi na 1955 shi ya fi kowanne cin kasuwa. Romy Schneider, tana 'yar shekara 17, ta fito a matsayin amaryar Sarki Franz Joseph, kuma sai da aka ƙara kashi biyu a 1956 da 1957. Finafinan sun kuma zama talla, baƙi suka riƙa zuwa ganin wuraren da idonsu.

Amma ka duba abin da aka bari a ƙasan buhu. Hitila ya haɗe Ostiriya da Jamus a 1938, 'yan ƙasar da yawa sun yi masa maraba, kuma an kashe Yahudawan Ostiriya wajen 65,000. Da wuya ka ji wannan a finafinan. Da yawa daga masu shirya su ma sun yi aiki a kamfanin Wien-Film na zamanin 'yan Nazi, ko da yake ba duka aka taru aka zama ɗaya ba: matar Hans Moser Bayahudiya ce, an matsa masa ya sake ta, ya ƙi. Sai a shekarun 1980 ƙasar ta fara tattauna rawar da ta taka a fili.

Kasuwar ta faɗi a shekarun 1960, da talabijin ya shiga gidaje, mutane suka rage zuwa silima. Har yau dai tashoshin Jamus da Ostiriya na maimaita Sissi lokacin Kirsimeti.

Don haka in fim ya ba ka dariya, ka more abinka, amma ka tambayi kanka wa aka yi wa shi, kuma wane labari aka tsallake. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Allah ya kiyaye hanya, ya albarkaci garke da ciniki.