Kayan Tarihi A Gida, Ilmin Adana Su A Turai: Ina Mafita Ga Ɗalibin Kurfi Da Dutsin-Ma?

Daga Wakilinmu

Cikin shekarar 1853 wani Bature Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim, ya fito daga birnin Katsina ya nufi Sakkwato. Da yake hanyar kai tsaye ba ta biyuwa saboda yaƙin Gobirawa, sai ayarinsa ya karkato kudu, ya biyo ta Kuraye, ya ratso Kurfi. Abin da ya ɗauki hankalinsa a Kurfi shi ne irin ganuwa da ramukan tsaro da mutanen garin suka yi wa kansu a tsakanin duwatsu. Ya rubuta bayaninsu a cikin littafin tafiyarsa mai juzu'i biyar, wanda aka buga da Jamusanci da Ingilishi cikin 1857 da 1858.

Yau ɗan Kurfi da ke son sanin kamannin garin kakanninsa a wancan zamani, dole ya nemi littafin wannan baƙo. Shi ya sa tambayar da wasu ɗalibanmu ke yi ba ta wasa ba ce: idan mutum ya gama digirinsa na farko a fannin tarihi, ko Hausa, ko binciken kufai, yana da amfani ya tafi ƙasar waje ya yi digiri na biyu ko na uku a kan al'adu da kayan gado? Ko kuwa asarar kuɗi ce a je Turai koyon abin da aka baro a tsakar gida?

Kafin a amsa, ya kamata a dubi abin da ya faru a Durɓi ta Kusheyi, cikin ƙasar Mani, gabas da birnin Katsina. Ko da yake wurin ba ya cikin Kurfi ko Dutsin-Ma, darasinsa na kowane Bakatsine ne. Akwai manyan tuddai a can waɗanda aka daɗe ana cewa kaburburan sarakunan farko ne na Katsina. Cikin 1907 Mista H. R. Palmer, jami'in mulkin Turawa a Katsina, ya tona wasunsu a zamanin Sarki Muhammadu Dikko. Cikin 1992 aka sake tona uku a ƙarƙashin jagorancin Shehun Malami Dierk Lange na Jami'ar Bayreuth ta Jamus, tare da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. An sami 'yan kunne na zinariya, da mundaye na hauren giwa, da wuri, da duwatsun ado, da tasa ta ƙarfe wadda masana suka ce daga Gabas ta Tsakiya ta fito. Watau tun ƙarnoni da dama kafin zuwan Turawa, ƙasar Katsina tana cinikayya da duniya mai nisa.

To, amma me ya biyo baya? Kayan sun yi shekaru a ajiye. Sai cikin 2007 aka kwashe su zuwa babban gidan tarihi na birnin Mainz a Jamus, inda gwanayen gyaran tsofaffin kaya suka kankare su, suka haɗa waɗanda suka farfashe, aka kuma auna shekarunsu. An baje kolinsu a can cikin 2011, sa'an nan aka maido su Nijeriya cikin 2014. Shekara bakwai ke nan kayan sarakunan Katsina suna baƙunci, kuma mutanen Mainz sun riga mutanen Mani ganinsu a gyare. Ba laifin Jamusawa ba ne, hasali ma sun yi abin a gode musu. Abin da ya kai kayan can shi ne neman gwanintar hannu da na'urorin da aikin ke bukata.

A nan ne karatun waje yake da hujja mai ƙarfi. Abin da ake kira nazarin kayan gado a jami'o'in Turai ba abu ɗaya ba ne. Akwai ɓangaren da ake koyon dokoki da tsarin kula da wuraren tarihi, kamar yarjejeniyar UNESCO ta 1972 da ta 2003. Jami'ar Cottbus ta Jamus tana ba da digiri na biyu irin wannan, da Ingilishi, tun 1999. Akwai kuma ɓangaren aikin hannu da ɗakin gwaje-gwaje: yadda ake tsai da tsatsar tagulla, da ceto takardar da gara ta fara ci, da auna shekarun gawayi ko ƙashi, da zana taswirar kufai da na'ura. Cibiyar binciken kufai ta Jami'ar Landan, wadda aka kafa cikin 1937, tana cikin wuraren da suka yi suna a wannan. A ganina, ɓangare na biyun ne ya cancanci wahalar tafiya. Dokokin UNESCO ana iya karanta su a Zariya, ko ma a intanet. Amma hannu ba ya koyon gyaran tasar da ta shekara ɗari biyar a ƙasa sai a gaban wanda ya iya.

Sai dai akwai wani misali da ya kamata ɗalibi ya aza a ɗaya gefen sikeli. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, haifaffen Musawa, ya yi digirinsa na farko a Jami'ar Lancaster ta Ingila, amma da ya tashi yin babban bincikensa a kan tarihin Katsina, a Jami'ar Ahmadu Bello ya yi shi, ya gama cikin 1974, aka buga shi littafi cikin 1981. Ƙarfin aikin bai fito daga ɗakunan karatun Turai ba. Ya fito ne daga zagaya garuruwa da ƙauyuka, da zama gaban dattawa, da karanta rubuce-rubucen malamanmu, sa'an nan da gwada su da abin da baƙi irin su Barth da Palmer suka rubuta, ba tare da ɗaukar maganar Bature tamkar yankan wuƙa ba. Ya je ya koyo dabara, ya dawo ya nemi amsa a inda take.

Amsoshin kuwa suna nan birjik a wannan yanki, ba su sami mai tambaya ba ne kawai. Ɗauki Karofi, cikin ƙaramar hukumar Dutsin-Ma. Sunan garin kansa shaida ne, domin karofi a Hausa shi ne marina. Rini sana'a ce mai ilmi a cikinta: yadda ake haƙa rijiyar rini a shafe ta da laso don kada ta tsiyaye, yadda ake haɗa baba da toka a bar su su nuna, yadda ake kwashe katsi a ƙona shi a sake amfani da shi, da yadda tufa ke barin hannun marini ta tafi mabuga. Duk wannan a kan dattawa yake, ba a takarda ba, kuma tun da yadin kanti da rinin Bature suka cika kasuwa, 'ya'yansu ba su ga dalilin koyo ba. Haka nan labarin Yandakawa, zuriyar Malam Muhammadu Na Alhaji, ɗaya daga cikin malamai uku da suka jagoranci jihadi a ƙasar Katsina tare da Ummarun Dallaje da Ummarun Dumyawa, waɗanda sarautar Dutsin-Ma take hannunsu. Ga tsofaffin garuruwa irin su Birchi da Wurma da Rawayau da Tsauri a ƙasar Kurfi. Ga kuma tambayar da duk mai nazarin kayan gado zai yi idan ya tsaya bakin madatsar ruwa ta Zoɓe, wadda aka gama cikin 1983: me ruwan ya rufe, kuma su wa suka rage da za su iya faɗa?

Ɗalibin da ya isa Landan ko Frankfurt da ɗaya daga cikin waɗannan tambayoyi a aljihunsa, da faifan hirarsa da dattawa, da hotunan da ya ɗauka, ya je da jari. Malamansa za su koyi wani abu daga gare shi. Wanda kuwa ya je hannu rabbana, sai a ba shi batun da ya dace da kuɗin binciken malaminsa, ya dawo da takardar shaida a kan gidajen sarakunan Turai.

Batun kuɗi ba ya son ɓoye-ɓoye. Jiya-jiyan nan ne: a farkon 2023 dalar Amurka tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, amma cikin 2024 ta haura naira 1,500. Wannan ya jefa ɗalibanmu da yawa da ke waje cikin halin ƙaƙa-ni-ka-yi, kuma yana cikin dalilan da suka sa asusun TETFund ya ba da sanarwar dakatar da tura malaman manyan makarantu karatu waje daga farkon 2025. Ingila kuma, daga Janairun 2024, ta hana yawancin masu digiri na biyu tafiya da iyali. A Jamus galibin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin makaranta, amma cikin 2024 an ƙayyade sai ɗalibi ya nuna Yuro 11,904 na guzurin shekara kafin a ba shi biza. Saboda haka ga ɗan talaka, hanya ita ce sukolashif: na Commonwealth, ko na Chevening wanda ke neman shekara biyu ta aiki kuma yake wajabta komowa gida, ko na hukumar DAAD ta Jamus. Ma'aikatan gwamnati su lura, wannan sharaɗi na aiki ya fi dacewa da su bisa ga sabon ɗalibi. Kada kuma a manta ba Turai kaɗai ce waje ba. A Porto-Novo ta Jamhuriyar Benin akwai makarantar horar da ma'aikatan kayan gado na Afirka tun 1998, ga wanda ya daure ya koyi Faransanci.

Wata matsalar ta fi kuɗi nauyi. Abin da ya sa Barth ya canja hanya shekara 170 da suka wuce, watau rashin tsaro, shi ne ya addabi wannan yanki a 'yan shekarun nan. Cikin Oktoban 2023 har ɗalibai mata na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma aka sace daga masaukinsu. Jami'ar waje ba ta cika barin malaminta ko ɗalibinta Bature ya zo bincike inda gwamnatinsu ta yi gargaɗi ba. Ma'anar wannan ita ce zamanin da za mu zauna jiran wani Lange ya zo ya tona mana ya wuce, aƙalla a yanzu. Ɗan gari ne kaɗai ya san ranar da hanya ke biyuwa, da gidan da dattijon da ya yi gudun hijira ya sauka. Idan ƙauye ya watse, ba hatsi da shanu kaɗai ake rasawa ba. Mai kirarin garin yana Katsina, mai tarihin masallacinsa yana Kano, kuma ba lalle su sake haɗuwa ba.

Saura wanda ya je ya dawo. Kowa ya san yadda akan yi a ofisoshinmu: a tura ma'aikaci ya koyo gyaran tsofaffin littattafai, ya dawo a ajiye shi a sashen biyan albashi. Jihar Katsina tana da Hukumar Tarihi da Al'adu, tana da gidan tarihi a tsohon ginin Kwalejin Katsina, ga jami'ar Dutsin-Ma da aka kafa cikin 2011, ga Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita a gari guda. Abin da zai fi amfani shi ne waɗannan su zauna su rubuta gwanintar da babu ita a jihar, ɗaya bayan ɗaya, su nemi sukolashif da sunan wannan bukata, su kuma tanadi ɗaki da kayan aiki tun kafin mutum ya sauko daga jirgi. Kafin a kai ga haka, ɗalibin da ke shekararsa ta ƙarshe a Dutsin-Ma ba ya bukatar biza don ya ɗauki wayarsa ya je ya zauna gaban wani tsohon marini. Daga harabar jami'ar zuwa Karofi, ƙaramar hukuma ɗaya ce.