Masu Haƙar Kabari Ne Suka Fara Gani

A watan Afrilun 2020, masu haƙar kabari a Kano suka fara kokawa cewa aiki ya fi ƙarfinsu. Kafin a rufe wannan kabarin an shigo da wata makarar, kuma yawanci dattawa ne. Ana cikin wannan yanayi, ranar 2 ga Mayu, Allah Ya yi wa Sarkin Rano Alhaji Tafida Abubakar Ila rasuwa, mutanen Rano da Kibiya suka shiga sahun masu karɓar gaisuwa. Tambaya ɗaya ce a bakin kowa: me ke ɗauke mutane haka?

Gwamnatin jiha ta ce hawan jini ne, da ciwon suga, da sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro. Akwai gaskiya a ciki, amma waɗannan cututtuka sun daɗe tare da mu. Me ya sa sai a wannan watan suka yi irin wannan ɓarna?

Zato ya koma kan korona, wadda aka tabbatar da ɓullarta a Kano ranar 11 ga Afrilu. Sai dai hujja ta yi wuya. Ɗakin gwajin da ke Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya dakatar da aiki na wasu kwanaki, mamaci kuwa a ranar ake yi masa sutura, babu batun binciken gawa.

Saura hanya ɗaya: a tambayi masu rai. Tawagar da gwamnatin tarayya ta turo ƙarƙashin Dakta Nasiru Sani Gwarzo, tare da jami'an jiha, ta bi maƙabartu tana ƙirga, sannan aka bi iyalai. Ya yi zazzaɓi? Tari fa? Numfashinsa ya sarƙe? Kwana nawa ya yi a kwance? Da aka jera amsoshin, sai suka fara kama da juna.

A watan Yuni Ministan Lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya bayyana sakamakon: mutum 979 ne suka rasu a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, fiye da rabinsu a gida, kuma mai yiwuwa kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na da alaƙa da korona. Cutar ta tarar da masu suga da hawan jini ne, ta ƙarasa su.

Abin da ke damuna shi ne ƙirgen ya tsaya a birni. Rano da Kibiya ba sa cikin takwas ɗin nan, alhali a karkara babu mamacin da ake kaiwa makwanci ba da sanin liman da mai unguwa ba.

Shugabannin ƙananan hukumomin biyu, ku ba kowane mai unguwa littafi ya riƙa rubuta wanda ya rasu, da shekarunsa, da ciwon da ya yi jinya, a miƙa wa jami'in sa ido kan cututtuka duk mako. Da wannan littafi za ku san ƙauyen da ya fi buƙatar magani da ma'aikacin lafiya kafin ku zauna tsara kasafin kuɗi.