Ciwon Wuya A Maiduguri: Ba Kowanne Ne Na Madori Ba

Duk wanda ya san Kasuwar Monday ko kasuwar kifi ta hanyar Baga a Maiduguri ya san yadda 'yan dako ke ɗora buhu a ka, wani ko gammo babu. Haka 'yan uwansu ke yi a Mile 12 ta Ikko da Bodija ta Badun. To, wannan nauyi duka a kan ƙasusuwa 7 na wuya yake sauka, kuma ta tsakiyarsu laka ta bi, watau hanyar da ƙwaƙwalwa ke ba hannuwa da ƙafafu umarni.

Bayan dako sai haɗari. Tun da aka hana hawa babur a birnin a 2011, Keke Napep ta zama abin hawan talaka, ga ta ba ɗamara ba majinginin kai. In mota ta buge ta ta baya, kan fasinja ya fizgu baya ya dawo gaba, sai tsoka da jijiyoyin wuya su yi targaɗe. Sau da yawa mutum kan tashi garau, sai washegari wuya ya sage, kai ya ɗauki ciwo ta ƙeya, kafaɗa ta yi nauyi.

Irin wannan ba ya bukatar tiyata. Akan sa ƙanƙara a tsumma a dafa wurin kwana biyun farko, bayan nan a koma gashi da ruwan ɗumi, a sha farasitamol, a ajiye dako na ɗan lokaci. Likitoci yanzu ba su son a daɗe da kwalar wuya, domin tsoka na yin rauni. Sun fi son a riƙa juya kai a hankali. Yawanci cikin makonni kaɗan zuwa wata uku an warware. In ya ƙi, akwai sashen gashin ƙashi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, wanda Shugaba Shehu Shagari ya buɗe a 1983. Mazauna Ikko kuwa ga asibitin ƙashi na Igbobi.

Amma inda gizo ke saƙa shi ne in hannu ya fara sagewa ko tsikari kamar allura, ko ƙafa ta rasa ƙarfi, ko fitsari ya ƙwace. Wannan alama ce an taɓa jijiya ko laka, kuma mai yiwuwa ƙashi ya tsage ko ya goce. Madori ya iya aikinsa a hannu da ƙafa, amma ba ya ganin cikin wuya, murɗa ɗaya tana iya shanyar da mutum har ƙarshen ransa. Haka ma masu taimako a wurin haɗari da ke ciccibo mutum kai na lilo. Abin yi shi ne wani ya riƙe kan da hannu biyu daidai da jiki, a kwantar da shi a kan allo ko ƙyaure, a nufi asibiti a ɗauki hoto.

In kuwa wuya ya sanƙare ba faɗuwa ba haɗari, ga zazzaɓi mai zafi, musamman lokacin bazara, to a yi zaton sanƙarau, kada a kwana a gida.