INA AKE KAI ƊANKA IN YA SHIGA SOJA?

 Hirarmu ta yau ta nufi mutanen Zabori, da maƙwabtansu na Junju da Karakara da Yelu, har zuwa Gaya bakin kogi. Amma zancen ya shafi duk wanda ke da ɗa, ko ƙane, ko miji cikin soja.

Kai mai karatu, a ce ɗanka ya shiga soja. Ya gama horo. Ran nan sai ga saƙo, an kai shi Dirku. Uwarsa ta dube ka ta ce: "Malam, ina ne Dirku? Laifin mi ya yi anka jefa shi can?" Kai ma ba ka sani ba. Daren nan ba mai barci a gidan.

To, ba laifi ya yi ba. Ba a kafa bariki haka kawai. Duk garin da ka ji an ce akwai soja, da dalilinsa. In ka san dalilin, ka san wurin, hankalinka zai fi kwanciya. Kuma za ka san abin da ya kamata ka yi.

MI NE NE BARIKI?

Bariki shi ne mazaunin soja. A ciki akwai ɗakunan kwana, da filin horo, da ma'ajiyar makamai, da wurin gyaran motoci, da ɗakin likita. A manyan barikoki har da gidajen masu iyali.

Ka lura, ba duk mai kaki ne soja ba. Akwai jandarma, akwai gardi, akwai ƴan sanda, akwai duwan, akwai masu tsaron daji. Kowa da aikinsa, kowa da shugabanninsa. Yau zancen soja muke yi. An kafa rundunar sojan Nijar ran 1 ga Agusta 1961, shekara guda bayan samun ƴancin kai.

MI KE KAWO SOJA WANI GARI?

Abu huɗu ne.

Na farko, iyaka. Nijar ƙasa ce mai faɗi, murabba'in kilomita 1,267,000. Tana da iyaka da ƙasashe 7: Najeriya, Benin, Burkina Faso, Mali, Aljeriya, Libiya da Cadi. Gida mai ƙofa da yawa yana son masu gadi da yawa.

Na biyu, hanya. Inda manyan hanyoyi sunka haɗu, daga nan soja ke iya kai ɗauki ko'ina da sauri.

Na uku, ruwa. Cikin hamada, rijiya ita ce hanya. Duk mai tafiya, na kirki da na banza, dole ya biyo ta wurin ruwa.

Na huɗu, dukiyar ƙasa, kamar ma'adinai da man fetur, da kuma mazaunin hukuma.

Ka riƙe waɗannan huɗu: iyaka, hanya, ruwa, dukiya. Duk garin da za mu ambata, za ka ga ɗaya ko biyu a cikinsu.

ƘAƘA ABIN YA FARO?

Yawancin garuruwan barikinmu tun zamanin Turawan mulkin mallaka sunka samu soja. A 1898 wani hafsan Faransa mai suna Kornu ya kafa sansani a Doso. A 1899 ayarin sojan Bule da Shanwan ya ratsa ƙasarku. Sun bi ta Junju, da Matankari, da Lugu garin Sarauniya, da Birnin Ƙonni, suna ƙone garuruwa. Cikin shekarar nan ragowar ayarin ya ci Damagaram.

Daga nan Faransa ta bi ƙasar tana kafa sansani. Shekaru da yawa soja ne ke mulkin ƙasar, ba farar hula ba. Damagaram ta zama babban birni daga 1911 zuwa 1926, kana anka maida shi Yamai. Barikin wancan zamani don danne mutanen ƙasa anka gina shi. Bayan 1960 wuraren sun dawo hannun ƴan ƙasa, aikinsu ya zama tsaron ƙasa.

An raba Nijar yanki-yanki don tsaro. Kowane yanki da babban bariki da kwamandansa. Bari mu tashi daga Zabori mu zaga su.

GAYA DA DOSO

Mu fara da gida. Gaya garin iyaka biyu ce. In ka haye gadar kogi ka shiga Malanbil ta Benin. Tun 1958 akwai gada a wurin. In ka yi gabas kuma, sai Kamba ta jihar Kabi a Najeriya. Shekaru da yawa, yawancin kayan da Nijar ke sayowa ta tashar jiragen ruwan Kotonu ta gadar nan suke shigowa.

Iyaka takan kawo gardama. A 1963 Nijar da Dahome, wato Benin ta yau, sun yi tsamin dangantaka kan tsibirin Lete da ke cikin kogi. Sai ran 12 ga Yuli 2005 Kotun Duniya ta yanke hukunci, ta ce Lete ta Nijar ce. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an rufe iyakar, an toshe gadar, an ƙaro soja a Gaya. Kun gani da idonku yadda mutane sunka koma shiga jirgin ruwa. Bututun man fetur da ya taso daga Agadam ya nufi bakin teku a Benin, shi ma ta jihar Doso ya biyo. An fara aiki da shi a 2024, kuma yana son tsaro.

Daga Gaya zuwa Doso wajen kilomita 150 ne. Doso mahaɗa ce. Hanyar Yamai, da hanyar Gaya, da babbar hanyar gabas mai zuwa Dogon Dutsi da Maraɗi, duk nan sunka gamu. Shi ya sa ta zama cibiyar yankin tsaro na 7. Wanda anka aje ɗansa Doso ya yi sa'a, yana iya ganinsa ran salla.

YAMAI DA TILABERI

Daga Doso zuwa Yamai wajen kilomita 140 ne. Nan manyan shugabannin soja suke. Nan sansanin jiragen sama mai lamba 101 yake, kusa da filin jirgi. A bakin birnin akwai Tondibiya, inda ake horar da sababbin soja. Samari da yawa a nan sunka fara sa kaki. Sojan Faransa ma sun zauna Yamai, sun fita a Disamba 2023.

Yamma da arewacin Yamai jihar Tilaberi ce, mai iyaka da Mali da Burkina Faso. Nan aiki ya yi tsanani. Ran 10 ga Disamba 2019 an kai hari sansanin Inates, soja 71 sunka rasu. Ran 9 ga Janairu 2020 an kai wani a Shinagodar, 89 sunka rasu. Ba mu faɗi wannan don mu tsorata ka ba. Mun faɗa don ka san nauyin da yaran nan ke ɗauke da shi.

TAWA, AGADAS DA DIRKU

Tawa ita ce ƙofar arewa. Ita ce cibiyar yanki na 4. Daga nan ake lura da ƙasar Azawak ta makiyaya, da iyakar Mali.

Agadas cibiyar yanki na 2 ce, wajen kilomita 950 daga Yamai. Tsohon garin fatake ne. Hanyar Aljeriya da ta Libiya nan sunka rabu. A Disamba 1916 Kawsan da mutanensa sun kewaye sojan Faransa cikin sansaninsu na Agadas, har Maris 1917. Yau akwai makarantar horar da ƙananan hafsoshi a garin. Arewa da shi akwai Arlit, inda anka fara haƙo yuraniyom a 1971. Sojan Amurka sun zauna sansanin jiragen sama mai lamba 201 na Agadas, sun fita a Agusta 2024.

Yanzu ga Dirku da uwar yaro ta tambaya. Tana ƙasar Kawar, kusa da Bilma inda gishiri da dabino ke fitowa. Daga Agadas sai an ratsa hamadar Tenere. Dirku cibiyar yanki na 8 ce, domin tana da ruwa, kuma tana kan hanyar Libiya. Gaba da ita akwai Madama, sansani na kusa da iyaka.

Ka kwatanta da gida. A ƙasar Gaya ruwan sama yana kai wajen milimita 800 a shekara. A Bilma bai kai 20 ba. Yaron da ya tashi cikin giginya da rake da fadama, can sai rairayi iya ganinsa. Da rana zafi, da dare a lokacin ɗari sanyi mai shiga ƙashi. In za ka yi masa aike, bargo da rigar sanyi sun fi masa komi.

MARAƊI, DAMAGARAM DA DIFA

Maraɗi cibiyar yanki na 6 ce. Tana fuskantar Katsina da Zamfara. Babban aikin soja a nan shi ne fama da ɓarayin shanu da masu satar mutane a bakin iyaka.

Damagaram cibiyar yanki na 3 ce, tsohon garin bariki. Turawa sun gina sansaninsu kan duwatsu, tsakanin Birni da Zango.

Difa cibiyar yanki na 5 ce. Daga Doso ta fi kilomita 1,200. Tana bakin kogin Komadugu, wanda ya raba mu da Najeriya, ba nisa da tafkin Cadi. Ƙasar tattasai ce da bandar kifi. Ran 6 ga Fabrairu 2015 Boko Haram ta kai hari Difa da Boso. Tun daga nan anka ƙara yawan soja a jihar.

Wani lokaci ma waje ake kai su. Sojan Nijar sun je Saudiyya lokacin yaƙin Gulf na 1990 zuwa 1991. Sun je arewacin Mali a 2013.

ZAMAN SOJA A GARIN DA BA NASA BA

Soja ba ya zaɓen gari. Inda anka ce ya tafi, nan zai tafi. Yana iya yin shekaru a wuri guda, sai a ɗauke shi a kai wani. A babban gari yana iya zama da iyalinsa, yara su shiga makaranta. A ƙaramin sansanin daji kuwa ba a zuwa da mata da yara.

Akwai amfani cikin wannan yawo. Ɗan Zabori zai kwana ɗaki guda da Bazabarme, da Buzu, da Bafillace, da Babarbare, da Batube. Tukunya ɗaya za su ci. Zai dawo da harshe biyu ko uku. Zai san Nijar ba ta tsaya Dallol Mawuri ba.

Garin da ke da bariki shi ma yana samu. In wata ya ƙare anka biya albashi, mahauci da tela da mai tuwo da mai gidan haya duk suna gani. Amma akwai nauyi. Hayar ɗaki takan tashi. Akan tsaida motoci a yi bincike. Wani lokaci akan hana hawan babur, ko fitar dare.

ABIN DA YA KAMATA KA YI

Ɗaya. Ka rubuta cikin littafi cikakken sunan ɗanka kamar yadda yake a takardarsa, da lambarsa ta soja, da sunan rundunarsa, da garin da yake. In ya canja wuri, ka gyara. Ran da za ka nemi labarinsa, waɗannan za a tambaye ka.

Biyu. In yana da mata, a yi takardar aure a ma'aikatar magajin gari. Kowane yaro a yi masa takardar haihuwa. Hukuma da takarda take aiki. In wani abu ya faru, matar da ba ta da takarda takan sha wuya kafin ta samu haƙƙinta da na yaranta.

Uku. In ya aiko kuɗi, ka duba rasit da kanka. Ka ga adadi, ka ga suna, kana ka sa hannu.

Huɗu. In wani baƙo ya kira waya ya ce ɗanka na cikin matsala, a aika kuɗi maza, kada ka yi gaggawa. Ka tafi wurin jandarma ko barikin da ya fi kusa ka tambaya.

Biyar. In kwana ya yi yawa ba ka ji shi ba, kada ka yanke ƙauna. Wurare da yawa cikin daji waya ba ta kamawa.

Shida. Ka kama bakinka. In ya gaya maka inda za su, kada ka kai zancen kasuwa ko tasha, kada ka watsa ta waya. Ba ka san wanda ke saurare ba. Baki shi ke yanka wuya.

Ke ma uwar yaro, da ke matarsa, wannan gargaɗi naku ne.

TAMBAYOYI

Ku tattauna waɗannan tsakaninku:

1. Waɗanne abubuwa huɗu ke kawo soja wani gari?
2. Mi ya sa Gaya ke da muhimmanci ga tsaron ƙasa?
3. Mi ya sa anka aje soja a Dirku, cikin hamada?
4. Waɗanne takardu ya kamata iyalin soja su mallaka?

In kun samu taswirar Nijar, ku nemi Gaya, ku aza yatsa. Ku bi hanya har Doso, har Agadas, har Dirku. Ran da uwar yaro ta sake tambaya, sai ka nuna mata wurin, ka gaya mata dalili.

Sai mun sake haɗuwa. Ku huta lafiya.