Duniyar da za mu ƙaga daga duwatsun Dutse

Mai karatu, abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan mako wata takarda ce da na tsinta a zauren gidanmu da ke unguwar Takur a birnin Dutse. Ɗan ƙanwata ne, yaro ɗan shekara 14, ya ciro tsakiyar littafinsa na lissafi ya zana taswirar wata duniya da ya ƙaga da kansa. Ya raba ta nahiyoyi uku, ya ja koguna da shuɗin biro, ya ɗora ƙanƙara a kan tsaunuka, ya cika arewacinta da wasu dogayen itatuwa masu tsini waɗanda bai taɓa gani ba sai a talabijin. A gefen takardar kuma ya jera al'ummomin da ke zaune a wannan duniya, babu ɗan Adam ko guda a cikinsu: akwai masu fukafukai, akwai masu dogayen kunnuwa, akwai gajeru masu gemu da ke zaune a ƙarƙashin ƙasa. Kowane kogi da kowane birni, sunansa na Turanci ne.

Na kira shi na yaba masa, domin aikin ya cancanci yabo. Sannan na ce, "To amma ɗana, ina dabino a wannan duniya taka? Ina kuka, ina giginya, ina rairayi?" Sai ya yi dariya ya ce, "Haba Kawu, ai wannan wata duniya ce daban. Wa zai sa kuka a wata duniya?"

Wannan amsa ta daɗe tana yi mini yawo a zuciya. Yaron da ya buɗe ido ya ga duwatsu sun kewaye garinsu, ya girma yana tsintar dabino, ya yarda cewa abin mamaki ba ya tsirowa a ƙasarsu, sai dai a shigo da shi daga waje kamar taliya. Ra'ayina kuwa shi ne duk wata duniyar ƙage da ta yi suna, daga ƙasar gaske aka haƙo tubalinta, kuma mu nan tsakiyar Jigawa muna zaune a kan irin wannan tubali ba mu taɓa shi ba.

Bari mu fara da waɗanda yaron yake kwaikwayo. A shekarar 2009 ne James Cameron ya fitar da fim ɗinsa Avatar, inda ya nuna Pandora, wata duniya mai dazuzzuka masu haske da daddare da tsaunukan da ke shawagi a sararin sama, mazaunanta kuma wasu dogayen halittu ne shuɗaye da ake kira Na'vi. Waɗannan tsaunuka an ɗauko siffarsu ne daga tsaunukan ƙasar Sin, har ma a shekarar 2010 hukumomin yankin Zhangjiajie da ke lardin Hunan suka sauya wa ɗaya daga cikin duwatsunsu suna domin danganta shi da fim ɗin, masu yawon buɗe ido suka yi ta tururuwa. Harshen da Na'vi ke magana da shi kuwa, wani masanin harsuna ne mai suna Paul Frommer aka ɗauka ya zauna ya tsara shi, da nahawunsa da komai.

Haka abin yake ga littafin Dune na Frank Herbert da ya fito a 1965, wanda ya ƙaga duniyar Arrakis, hamada zalla, inda ruwa ya fi zinariya daraja, manyan tsutsotsi kuma ke ninkaya a ƙarƙashin rairayi. Asalinsa Herbert ɗan jarida ne, ya je gaɓar jihar Oregon a Amurka a 1957 domin ya rubuta rahoto a kan yadda ake dasa ciyawa don tsayar da tuddan rairayi da ke cinye hanyoyi. Wato irin yaƙin da manoman Maigatari da Sule Tankarkar suka daɗe suna yi da kwararowar hamada shi ne ya haifi wannan littafi. Kalmomi irin su Mahadi da jihadi kuma ya aro su ne daga tarihin Musulmi. Ita ma duniyar Tatooine ta fim ɗin Star Wars na 1977, sunanta daga garin Tataouine na ƙasar Tunusiya ya samo asali, a kudancin ƙasar aka ɗauki hotunanta. Har ila yau, marubuciya Nnedi Okorafor, 'yar asalin Nijeriya da aka haifa a Amurka, ta kafa labarin littafinta The Shadow Speaker na 2007 a Jamhuriyar Nijar ta shekarar 2070, daga nan ta tsallaka da jarumarta zuwa wata duniya mai suna Ginen, inda gine-gine da na'urori suke tsirowa kamar shuke-shuke. Ka ga ke nan baƙi da maƙwabta sun riga sun gane cewa hamadarmu da tarihinmu jari ne.

Kada kuma wani ya ɗauka cewa ƙaga duniyar da ba ta mutane ba baƙon abu ne ga Bahaushe. Tun kafin boko, 'yan bori suna da Jangare, birnin iskoki. Ban kawo wannan misali don tallata bori ba, na kawo shi ne don mai karatu ya ga irin tsarin da aka yi wa birnin. Kamar yadda manazarta suka rubuta, ciki har da Manjo Tremearne a 1914 bayan zamansa da Hausawan Tunis da Tarabulus, da kuma Fremont Besmer a 1983 bayan bincikensa a Kano, Jangare birni ne mai sarki da fadawa. Besmer ya lissafa gidaje 12 a cikinsa, akwai na malamai, akwai na Fulani, akwai na mahauta, akwai na kutare, kowane iska da danginsa da surukansa da kiɗansa da irin tufafinsa. Wannan shi ne aikin da marubutan Turai ke kwashe shekaru suna yi kafin su fara labari, wato tsara al'umma da nasabarta da sana'o'inta.

Da boko ya zo, bai kashe wannan baiwa ba. Gasar rubutu da Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya a 1933 ta haifar da littattafai biyar, biyu daga cikinsu kuwa sun fita daga duniyar mutane. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Alhaji Imam ya bi garuruwa har ya dangana da ƙasar aljanu wajen neman ruwan magani. A Ganɗoki na Bello Kagara, jarumin da ya gwabza da sojojin Turawa ya wuce zuwa ƙasashen aljanu ya ci gaba da yaƙi. Sannan a 1969, shekarar da ɗan Adam ya fara taka wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaro Kilba da wani baƙo daga sama mai suna Ƙolin Ƙoliyo ya ɗauke shi yawo a sararin samaniya. Wannan ƙofa da Dembo ya buɗe, kaɗan ne suka bi ta bayansa. Marubutan littattafan yaƙi na Kano, irin su Abdul'aziz Sani Madakin Gini, sun riƙe masu karatu da labaran jarumai da matsafa da aljanu, kuma sun cancanci jinjina. Sai dai galibin irin waɗannan labarai a biranen gabas ake kafa su, Misira ce ko Farisa ko ƙasar Hindu, kuma da wuya ka ga marubuci ya tsaya ya gaya maka daga ina kogin birnin ya taso, ko me mutanensa suke nomawa.

A nan ne gizo yake saƙar. Duniyar ƙage tana tsayuwa da ƙafarta ne idan ƙasar ce ta haifi mazaunanta. Inda ruwa yake, nan gari yake kafuwa. Abin da ya yi ƙaranci, shi ake yaƙi a kansa. Siffar jikin halitta, da abincinta, da dokarta, da abin da take tsoro, duka yanayin wurin zamanta ne ke yanke su. Marubucin da ya san wannan ba ya buƙatar ya roƙi mai karatu ya yarda da shi.

Don in nuna wa yaron haka, wata Asabar da la'asar na ɗauke shi muka nufi Garu, tsohuwar unguwar da fadar Dutse ta asali take, muka hau wani fa muka zauna. Daga nan ana hango garin da ya zama babban birnin jiha a ranar 27 ga Agusta, 1991, ana kuma hango abin da ya girme shi nesa ba kusa ba: manyan duwatsu a ɗore kan juna kamar da hannu aka jera su, da kawunan dabino a tsakaninsu. Na ba shi labarin da ake bayarwa cewa wani maharbi ne ya fara sauka a nan saboda yawan gada, abin da ya sa ake ce wa garin Dutse Gadawur. Na gaya masa cewa a Birnin Kudu, tafiyar da ba ta kai awa guda a mota ba, akwai Dutsen Habuɗe da Dutsen Mesa, inda mutanen da suka riga mu suka zana shanu a jikin dutse, akwai kuma duwatsun da idan an buga su suke amsawa kamar ƙararrawa, waɗanda Bernard Fagg ya yi rahotonsu a 1955. Na ce masa, "Ka ɗauka akwai wata al'umma da ke zaune cikin irin waɗannan koguna, ba ta da murya, da kiɗan dutse take magana daga tsauni zuwa tsauni. Wa zai zama sarkinta?" Ya yi shiru, can ya ce, "Wanda dutsensa ya fi kaiwa nesa." Na ce to ka fara rubuta littafi.

Daga nan na juya da shi arewa. Wanda ya bi hanyar Kiyawa zuwa Jahun ya san jigayin nan, dogayen tuddan rairayi da iska ta tara tun zamanin da hamada ta sauko kudu fiye da inda take a yau, da fadamu a tsakaninsu waɗanda ke cika da damina su ƙafe da rani. Daga irin wannan ƙasa jihar ta samo sunanta. Halittar da za ta rayu a wuri irin wannan dole ta zama mai gida biyu, ɗaya a tudu ɗaya a kwari, kuma shekararta ba za ta wuce zango biyu ba, hawa da sauka. Idan aka ƙara gaba gabas, sai dausayin Haɗejiya da Nguru, inda tsuntsaye ke zuwa tun daga Turai su yi hunturu a Baturiya, su koma idan zafi ya shigo. Ga fatake masu fukafukai an ba ka kyauta, masu ɗauko labarin wata nahiya su kawo wata.

Rigimar da za ta riƙe labarin ma ba sai an nemo ta ba. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, dukkansu a Jihar Kano, daga nan yanayin ambaliyar da ke ciyar da dausayin ya sauya, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, masunci da manomi da makiyayi suka shiga takun saƙa a kan abin da ya rage. Wasu shekarun kuma, kamar 2022, ruwan ya zo da yawa ya ci gonaki da gidaje. Idan mazauna duwatsu suka tare kogi a sama, me zai faru da mazauna fadama, ina kuma masu fukafukai za su sauka? Yaron da ya rubuta wannan labari da halittun ƙage zai fahimci siyasar ruwan jiharsa fiye da wanda aka ba shi ita a allo ya haddace. Amfanin irin wannan adabi ke nan: yana ba ka damar faɗar gaskiyar da ta shafi maƙwabcinka ba tare da ka kira sunan ƙabilarsa ba, kamar yadda kakanninmu suka yi da Gizo da Ƙoƙi da kura.

Na san akwai masu cewa wannan ɓata lokaci ne, wasu ma su ce koya wa yara ƙarya ne, ko kuma kutse cikin al'amarin gaibu. Damuwarsu abin saurare ce, domin samuwar aljanu a wurin Musulmi aƙida ce, bai kamata a mayar da ita abin wasa ba. Amma Bahaushe ya daɗe da raba tatsuniya da labari. Idan tsohuwa ta ce ga ta nan ga ta nanku, kowane yaro ya san an shiga gonar ƙage, idan ta ce ƙurunƙus ya san an fito. Marubuci zai iya ƙaga halittunsa ya raɗa musu suna, ya bar abin da addini ya yi magana a kai a inda addini ya ajiye shi. Abin da ya fi kamata ya dame mu shi ne, ko mun rubuta ko ba mu rubuta ba, yaranmu suna shiga waɗannan duniyoyi kullum ta wayar hannu, kuma duk wanda ya gina gida shi ke zaɓar hoton da za a rataya a bango.

Saboda haka kirana ga malaman Hausa da na labarin ƙasa a makarantunmu shi ne su haɗa kai, ko sau ɗaya a zango, su sa ɗalibai su zana taswirar duniyar ƙage da sunayen Hausa, da sharaɗin kowane yaro ya bayyana dalilin da ya sa koginsa ya bi ta inda ya bi. Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, da ƙungiyoyin marubuta na jiha za su iya sa gasa a wannan fanni, kamar yadda gasar 1933 ta buɗe babin da har yau muke cin moriyarsa. Masu shirya finafinanmu kuma su tuna cewa abin da wasu ke kashe maƙudan kuɗi su ƙera a kwamfuta, mu a bayan gari yake tsaye.

Bayan mako biyu yaron ya kawo mini sabuwar taswira. Tsaunukan ƙanƙarar suna nan, ya ƙi rabuwa da su, ni ma ban matsa masa ba. Amma a tsakiyar takardar akwai jigayi bakwai a jere, da wani kogi da aka datse a sama, da wani birni a cikin duwatsu da ya sa wa suna Amsa-Kuwwa. A bakin ƙofar birnin ya zana kuka guda, ya ce a ƙarƙashinta ake yanke shari'a. Na tambaye shi ko ya fara rubuta labarin, ya ce ya kai shafi tara, amma littafin lissafin ya kusa ƙarewa. Washegari na saya masa sabo mai shafi 80.

Allah Ya yi wa zuriyarmu albarka, Ya sa mu san darajar abin da ke hannunmu, amin.