Gigin tsufa ciwo ne, ba maita ba

A zangunanmu, daga Kete Krachi har Salaga, Yendi da Bawku, in tsohuwa ta fara manta sunan jikokinta, ko ta fita da dare tana neman gidan ubanta da ya daɗe da rushewa, sai a fara ƙus-ƙus. Wannan ya ce aljanu, wancan ya ce maita. Ni aikina koyarwa ne, kullum ina fama da yadda ilimi ke shiga kan yara, shi ya sa na damu da yadda yake fita daga kan tsofaffi.

Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ba a manne suke da juna ba, akwai ɗan gibi tsakaninsu. Wasu sinadarai ne ke ɗaukar saƙo su ƙetare, kamar yadda kwalekwale ke haye tafkin Volta. Babba a harkar tunawa shi ne asetilkolin. A 1976 masu bincike a Birtaniya suka gano cewa a ƙwaƙwalwar masu cutar Alzheimer, ƙwayoyin da ke samar da shi sun lalace sosai. Saƙo ya daina isa, sai Hajiya ta tambayi abu sau goma. Wani sinadarin, gulutamet, in ya yi yawa shi ma yana kashe ƙwayoyin.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke da wannan larura. Maganin donepezil yana hana asetilkolin saurin ƙarewa, memantine kuma yana rage ɓarnar gulutamet. Ba sa warkarwa, sassauci kawai suke kawowa. Akasin haka, wasu magungunan mura irin su Piriton suna toshe aikin asetilkolin, su ƙara ruɗa tsoho. Don Allah a bar saya musu barkatai.

Ba mu manta da Akua Denteh ba, 'yar shekara 90 da aka kashe da duka a Kafaba kusa da Salaga a Yulin 2020 bisa zargin maita. Har yau akwai tsofaffin mata a sansanin Gnani kusa da Yendi. Tsohuwar da ta rikice ba ta iya kare kanta, ita ce farkon wadda za a nuna wa yatsa.

'Yan uwa, in kaka ta fara haka, a kai ta asibitin gunduma a auna ta, in ta kama a tura ta Tamale. A yi mata addu'a, a kuma yi haƙuri da ita. Ita ta goya mu.