Tsohon Da Ya Ƙi Yin Wayo

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, a hutun da ya wuce na karanta labarin wasu tsofaffin littattafan Yahudawa, na ga ya kamata in ɗan gutsura muku.

Bayan Iskandari Mai Girma ya ci ƙasar Yahudawa a shekara ta 332 kafin haihuwar Annabi Isa, sai Girkawa suka daɗe suna mulkinta. Da fari an zauna lafiya, har waɗansu Yahudawa suka koyi harshen Girka da al'adunsu. Amma a shekara ta 167, Sarki Antiyokus na Huɗu, mai mulki daga Siriya, ya hana kaciya da hutun ranar Asabar, ya sa aka yi wa gunki yanka a ɗakin ibadarsu na Birnin Ƙudus.

Littattafai biyu da ake kira Makabiyawa su suka adana wannan labari. Na farko ya ba da tarihin Yahuza Makabi da 'yan'uwansa, waɗanda suka ɗauki makami har suka ƙwato ɗakin ibadar a shekara ta 164. Shi ne asalin bikin Hanuka na kwana takwas da Yahudawa ke yi har yau. Na biyun kuwa ya fi ba da ƙarfi ga waɗanda suka mutu ba makami a hannunsu. Abin mamaki, da harshen Girka aka rubuta shi.

A cikinsa ne na sami labarin da ya fi taɓa ni. Wani tsohon malami mai suna Eliyazar, ɗan shekara 90, aka tilasta masa cin naman alade. Masu tsaronsa, da yake sun san shi tun da daɗewa, suka ji tausayinsa. Suka ce ya kawo naman halal a ɓoye, ya ci a gaban jama'a kamar na aladen ne, ya tsira. Tsoho ya ƙi. Dalilinsa shi ne, samari za su zaci ya bar addininsa don tsoron mutuwa, su ma su bi sahunsa. A kan haka aka kashe shi.

Ni dai abin da na lura, tsohon nan bai damu da abin da zai shiga cikinsa kaɗai ba, ya damu da abin da yara za su gani. Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Iyayenmu, mu fa muna kallonku.